Darasi na Bakwai: Irin Gero da Dawa Idan Damina Ta Sauya Hali

A Turawa, da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, idan kaka ta yi aka fara kwaso damma daga gona, a kowane gida akwai mai tsayawa ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a saman rumbu ko inda hayaƙin murhu zai riƙa taɓa su. Wani gidan maigida ne ke wannan aiki, wani gidan kuma uwargida ce, domin ita ke sussuka da daka, ta fi kowa sanin geron da ke yin gari mai auki. Aikin bai wuce na yammaci ɗaya ba, amma abin da gidan zai ci baɗi da baɗin baɗaɗa yana rataye a jikinsa.

A wannan darasi za mu duba iri ta fuskar yawan amfanin da yake bayarwa idan aka haɗa shekaru masu yawa, da abin gina jiki da ke cikin ƙwayarsa, da kuma tambayar da ta fi ɗaukar mana lokaci: shin irin da kakanninmu suka bar mana yana nan yadda suka bar shi?

Daminar da muka sani da wadda muke gani

Fari tsohon baƙo ne a ƙasar Kano. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda mutane suka sa wa suna Kakalaba, ta hallaka jama'a masu yawa. Dattawan da ke cikin ajin nan sun ga farin 1973, wasu kuma sun yi noma a 1984, shekarar da gero ya bushe a tsaye a wurare da dama. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, sai dai da wani hali ya dawo. Yakan sauko da ƙarfi a dare ɗaya har ya kwashe taki ya rusa gini, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da shuka ke ƙarama. Farkon damina ya zama abin da ba a iya dogara da shi, manomi ya yi shuka sau biyu, wata shekarar sau uku.

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ba sai an kwatanta wa mutumin Turawa ita ba. Ta buɗe ƙofar noman rani da kamun kifi. Amma tuwon yawancin gidaje har yanzu daga gonar tudu yake fitowa, gonar tudu kuwa ruwan sama take jira.

Akwai abin da ya fi ƙarancin ruwa wuyar ganewa, shi ne ƙaruwar zafi. Wani binciken masana da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa ɗumamar kusan digiri 1 da Afirka ta Yamma ta yi ta riga ta rage amfanin gero da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15, a tsakanin 2000 da 2009. Wannan asara ce da ba wanda ya ga an ɗauke ta daga gona, domin hatsin bai ma samu ba balle a rasa shi. Zafi yana sa shuka ta yi gaggawar girma, sai kwanakin da take da su na cika ido su ragu, ƙwayoyi su fito ƙanana. Idan kuma zafin ya tsananta a makon da kai ke fitar da bununi, bununin kan lalace, zangarniya ta fito da giɓi. Wani bincike na 2013, wanda ya yi amfani da bayanan tashoshi 35 na yankin, ya nuna cewa idan ƙarin zafi ya wuce digiri 2, ko ruwan sama ya ƙaru ba zai mayar da abin da zafin ya cinye ba.

Amfanin shekara ɗaya da amfanin shekara biyar

Manomi yakan yabi iri saboda shekarar da ya fi cika masa rumbu. Ga misali na lissafi, ku ɗauki alli ko alƙalami. A ce gona ɗaya ce, iri biyu. Na farko ya ba da dami 60, 55, 15, 58, 10 a shekara biyar. Na biyu ya ba da 42, 40, 35, 44, 33. Ku haɗa. Na farko 198, na biyu 194. Bambancin dami huɗu ne kacal. To, a ce gidan yana cin dami 35 a shekara. Mai irin farko sau biyu rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, ya sayar da akuya ko ya ci bashi, ya sayi hatsi lokacin da kwano ya fi tsada, alhali a shekarun yalwa ya sayar da rarar da arha a kaka. Mai iri na biyu sau ɗaya ya gaza, da dami biyu. A ganina irin na biyu shi ne na mai iyali, ko da ba zai taɓa sa maƙwabta su tsaya kallon gonarsa ba.

Iri kuma ba ya aiki shi kaɗai, ƙasa ce uwarsa. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, an ware wasu filaye tun 1950 ana gwada taki a kansu shekara bayan shekara: wani fili takin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani duka biyun, wani kuma babu komai. Bayan gomman shekaru an ga filin da ake zuba wa takin zamani zalla ƙasarsa ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu, filin da ake haɗa masa takin dabbobi da na zamani kuwa shi ya fi riƙe amfaninsa. An samu irin wannan sakamako a Sariya ta Burkina Faso, inda ake gwaji a kan dawa tun 1960. Manoman kewayen birnin Kano da ke jigilar taki a kan jakuna tun zamanin kakanni sun riga masu binciken sanin haka. Ƙasa mai takin gida tana riƙe laima, shi ya sa idan ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar gonar da aka yi wa kaya take jurewa. Wuta-wuta ma gonar da ta gaji ta fi addaba.

Irin da ke sauyawa a hannunka

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tafi a hankali.

Gero ɗan yankin nan ne. Masu tonon tarihi sun samu alamarsa a jikin tsofaffin tukwane a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, waɗanda suka kai shekara 4,500. Tun daga lokacin yake hannun manoma, kuma bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Dalili kuwa yana cikin yadda yake haihuwa. A zangarniyar gero, farin gashin nan mai laushi, wato ɓangaren mace, shi ke fara fitowa, bununin zangarniyar kuma sai bayan kwana biyu ko uku. Kafin nata bununin ya fito, iska ta riga ta kawo mata na wasu, daga tushen da ke kusa, ko daga gonar maƙwabci. Saboda haka mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin zangarniya ɗaya uwarsu ɗaya, ubanninsu daban-daban. Idan ka ɗebi gero cikin tafin hannu, taron dangi ka ɗebo, kowace ƙwaya da nata gadon: wata mai saurin nuna, wata mai jinkiri, wata mai jure ƙishi, wata mai dogon kai. Dawa ta sha bamban. Yawancin ƙwayoyinta da bununin kanta take yin su, shi ya sa kaura ke daɗewa tana kaura, farafara tana farafara, ko da yake ita ma takan ɗan gauraya idan an shuka su gab da juna.

Masana sun so su san abin da shekarun fari suka yi wa geron manoma. A 1976 an zaga Jamhuriyar Nijar an tattara irin gero da dawa daga ƙauyuka an adana. A 2003 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka koma ƙauyuka 79 daga cikin waɗancan, suka sake karɓar iri. Sai aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe a Sadore, kusa da Yamai, aka zuba ido. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna geron 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai, ya fi shi gajarta, zangarniyarsa ma ta ɗan rage tsawo. Da aka duba ƙwayoyin gado, aka ga wani nau'in gado mai sa saurin fure ya ƙaru daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 18 cikin 100. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, sauyin a cikin irin gargajiyan kansa ya auku, mai sunan da manoma suka saba kira. A shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, tushen da ya riga nuna shi ya yi ido, shi manomi ya samu ya ajiye, 'ya'yansa suka yawaita. Shekara 27 na wannan tankaɗe da rairaya suka juya irin, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba. Kuma binciken bai ga yalwar gadon geron ta ragu ba.

Wannan labari yana faranta mini rai, domin ya nuna abin da ke rataye a rumbunanmu dukiya ce mai rai, tana iya bin damina inda ta karkata. Amma da sharaɗi: sai in akwai bambanci a cikin irin. Wanda ya zaɓi zangarnu biyar kawai don sun fi kowa girma, ya maimaita haka shekara da shekaru, yana tsuke dangin geronsa ne. Gero kuwa ba ya son auren gida. Idan dangi ya ƙanƙance, kara yakan sirance, kai ya ƙanƙance, sai a ce iri ya gaji. Haka wanda ya cinye irinsa a shekarar yunwa ya je kasuwa ya auno hatsin ci ya shuka. Dawanau kasuwa ce da hatsi ke shigowa daga ko'ina, daga Borno, daga Nijar, daga kudancin Kaduna. Geron da ya saba da daminar wata uku da wanda ya saba da ta wata biyar duk a buhu kamarsu ɗaya.

Sai kuma shibra. Kowane manomi ya san ta: kamar gero, amma kanta siriri, tana riga gero nuna, ƙwayarta na zubewa da kanta. Ita jinin gero ce da geron daji. Bununinta yana hawa geron gona kamar kowane bununi, shi ya sa wanda ya bar ta ta yi fure a inda zai ɗebi iri zai ga ta ƙaru baɗi. A cire ta kafin ta fitar da bununi.

Tsoho ko sabo?

Kaura da farafara na gargajiya, da maiwa, suna da wata baiwa. Da tsawon yini suke aiki. Ko ka shuka su a farkon Yuni ko a ƙarshensa, sukan jira sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina sannan su fitar da kai kusan lokaci guda, ƙwaya ta nuna bayan ruwa ya ɗauke, ba ta yi baƙi ba. A shekarar da farkon damina ya yi wasa da mutane, wannan hali garkuwa ne. Binciken 2013 da muka ambata ya nuna irin waɗannan nau'o'i sun fi na zamani jure ƙarin zafi, saboda zafi ba ya iya gaggauta su yadda yake gaggauta masu ƙidayar kwana. Rauninsu kuwa yana bayyana a shekarar da ruwa ya ɗauke tun Satumba ba ta yi nisa ba.

Sabbin iri an yi su ne don wannan raunin. Geron SOSAT-C88, wanda aka samar da haɗin gwiwar masu binciken Mali da cibiyar ICRISAT, ya shigo hannun manoman Nijeriya a 2000 ta Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, kuma yana nuna cikin kusan wata uku. Bayansa aka fitar da Super SOSAT a 2011, da Jirani a 2013. Samaru kuma ita ke fitar da dawar da sunanta ke farawa da SAMSORG. Su ma suna da nasu cikas. Geron da ya riga na kowa nuna shi tsuntsu ke fara sauka a kai. Dawar da ta nuna cikin marka takan yi fumfuna. Gajeren kara ba ya yin darni, ba ya isar dabbobi har bazara, kuma uwargida na iya cewa tuwonsa ba ya kwana.

Ƙasar Rogo da kudancin Ƙaraye ta fi arewacin Kano samun ruwa, shi ya sa dawa da masara suka fi ƙarfi a nan. Shawarata ga manomin wannan yanki ita ce kada ya saki tsoho gaba ɗaya, kada kuma ya ƙi sabo. Ya raba gona: wani ɓangare mai saurin nuna da zai fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, wani ɓangare na gargajiya da zai cika rumbu idan ruwa ya kai Oktoba, da wake a tsakani. Mun taɓa ganin sakamakon dogara da abu ɗaya. A 1975 cutar nan da darɓa ke yaɗawa, mai tsugunar da gyaɗa ta nannaɗe ganyenta, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa, dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi yadda take ba.

A kula da wani bambanci. SOSAT da danginsa ana iya ajiye irinsu a sake shukawa, amma da yake bununin maƙwabta na shigarsu, bayan kamar shekara uku sai su fara rikiɗa, ya kamata a sabunta. Irin masarar da ake kira haibirid kuwa, wato mai aure, ƙarfinsa na shuka ɗaya ne. Wanda ya ajiye 'ya'yansa zai ga gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya faɗi.

Wani hatsi na ƙasashen sanyi

Wannan damuwa ta manoman duniya ce baki ɗaya. Akwai wani abinci da ake kira bakwit da Ingilishi, asalinsa kudu maso yammacin ƙasar Sin, kuma Rasha da Sin ne suka fi noma shi. Ba dangin ciyawa ba ne irin gero da alkama, ganyensa mai faɗi ne, ƙwayarsa mai kusurwa uku. Mutanen Rasha suna dafa shi kamar fate, mutanen Japan suna yin taliyar da suke kira soba da garinsa. Yana nuna cikin mako 10 zuwa 12, yana yi a ƙasa marar ƙarfi, furotin ɗinsa mai kyau ne. Matsayinsa a can ya yi kama da na acca da iburu a wajenmu, abincin talaka da aka daɗe ana rainawa, yanzu likitoci na yabo.

Furensa iri biyu ne, kuma fure ba ya ɗaukar bununin irinsa, sai ƙudan zuma ya kai masa na ɗayan. Don haka shi ma, kamar gero, taron dangi ne, yana saurin gauraya, yana kuma saurin sabawa da wuri. Sai dai ba ya son zafi. Idan rana ta haura digiri 30 lokacin fure, furanni da yawa kan zube ba su ƙulla ba, amfaninsa ya yi sama da ƙasa daga shekara zuwa shekara. Manomansa suna neman irin da zai jure abin da geronmu ya saba da shi tun dubban shekaru. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, wannan juriya ce babban dalili.

Abin da ke cikin ƙwayar

Cika ciki daban, gina jiki daban. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58. A Jihar Kano fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Cikin manyan dalilai akwai ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, da zinki, wanda girman yaro da garkuwar jikinsa ke bukata.

Sauyin yanayi ya taɓa nan ma. Iskar kabon da hayaƙin injuna ke ƙarawa a sama ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. A wani bincike na 2014 an noma amfanin gona a fili cikin iska mai yawan kabon irin wadda ake hasashen za a kai nan gaba. Alkama ta rasa kusan kashi 9 cikin 100 na zinki, kashi 5 na sinadarin ƙarfe, kashi 6 na furotin. Shinkafa ma ta ragu. Dawa da masara kuwa sauyinsu kaɗan ne, saboda hanyar da ganyensu ke sarrafa iska ta bambanta, kuma gero ɗan wannan rukuni ne. Ina son iyaye mata na ajin nan su riƙe wannan. Gidan da ya bar tuwon dawa da fura da kunun gero ya koma farar shinkafa da taliya da burodi, ya bar mai ƙarfi ya kama marar ƙarfi, kuma tazarar ƙaruwa za ta yi.

Masu bincike sun fara zaɓen iri saboda abin da ke cikinsa. A 2018 Nijar ta amince da geron Chakti, mai sinadarin ƙarfe kusan miligiram 65 a kilo ɗaya, alhali geron da aka saba yana da kusan 47. A 2016 Samaru da ICRISAT suka fitar da dawa SAMSORG 45 da SAMSORG 46, masu saurin nuna da yawan sinadarin ƙarfe. Ta hanyar aure tsakanin iri da iri da zaɓe aka same su, irin aikin da manomi ke yi, sai dai da awo.

Sauran aikin yana madafa. Kaso mai yawa na sinadarin ƙarfe da zinki a bayan ƙwaya yake, don haka surfe mai tsanani yana tura shi cikin dusa, awaki su ci. A cikin hatsi kuma akwai wani sinadari da ke ɗaure ƙarfen ya hana hanji tsotsa. Jiƙo da tsimi suna kwance shi, shi ya sa kamu da koko da aka bari suka yi tsami suka fi amfani ga yaro da mai ciki. Ɗan lemon tsami, ko garin 'ya'yan kuka, ko ɗanyen tumatir, suna taimaka wa jiki karɓar ƙarfen. Shayi kuwa yana hanawa, a ba shi tazara da abinci. Wake ko gyaɗa a cikin kunu yana cike abin da furotin na gero ya gaza.

Yadda za a ɗebi iri

Zaɓe a gona ake yi, tun hatsi na tsaye, domin a tsaye ne ake ganin tushen da ya jure fari, wanda wuta-wuta ba ta kayar ba, wanda burtuntuna ba ta taɓa ba. A tari zangarniya ce kawai ake gani, kuma babbar zangarniya sau da yawa ta kan juji ce ko ta gindin suri, taki ta samu, 'ya'yanta ba za su gaji takin ba. A shiga tsakiyar gona, a bar gefe, saboda gefe ne bununin maƙwabta ya fi sauka. A ɗebi kai da yawa, gero kada ya gaza 100, in an kai 200 ya fi, daga sassa daban-daban na gonar. A shanya har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. A ajiye a wuri mai sanyi marar laima, ko a zangarniya, ko a sussuke a zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska. Kada a shuka duka, a rage na shuka ta biyu. Irin shuka da aka cakuɗa da magani kuma kada ya kusanci tukunya ko hannun yara.

Wanda zai sayi sabon iri ya tambayi malamin gona na KNARDA, hukumar noma ta Jihar Kano, wanda ya dace da yankinsa, ya duba tambarin Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa a jikin leda, ya fara gwada shi a 'yar gayauna shekara biyu kafin ya ba shi babbar gona. Ya kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda gidajen rediyon Kano ke karantawa da Hausa.

Akwai rumbunan iri na gwamnatoci da cibiyoyin bincike, irin na NACGRAB a Ibadan, da na ICRISAT a Sadore, da babban da aka haƙa cikin dutse mai ƙanƙara a Svalbard ta ƙasar Norway, aka buɗe shi a 2008. Ba don irin da aka adana a 1976 ba, da binciken Nijar bai yiwu ba. Amma irin da ke cikin sanyi yana nan yadda aka ajiye shi, wanda ake shukawa a Turawa kowace shekara shi ne ke haɗuwa da daminar yanzu.

Aikin mako

Kowane ɗalibi ya ƙirga ƙwaya 100 daga irin da ya ajiye, ba tare da zaɓe ba. Ya jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya ajiye a inuwa, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai ya ƙirga waɗanda suka tsiro ya rubuta. In sun haura 80, irin yana da rai. In suna tsakanin 60 da 80, a ƙara yawan ƙwaya a rami. In sun gaza 60, a nemi wani tun ruwa bai sauka ba.

Sannan kowa ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya ce: "Baba, ko Iya, waɗanne irin gero da dawa kuka shuka kafin farin 1973? Wanne ne babu shi yanzu, kuma me ya sa aka bar shi?" Ku rubuta sunayen yadda suka faɗa. Idan an ce har yanzu wani gida yana da ɗaya daga ciki, ku roƙo zangarniya guda ku zo da ita aji ranar darasi na gaba.